Daga Luton zuwa Ƙofar Mata: maganar fitar da fili bayan gari

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, yara kuma suna nan lafiya. Saƙon muryar da ka turo min daren Lahadi sau biyu na saurare shi, ɗaya a gida, ɗaya a motar aiki. Ka ce bayan an tashi daga wasan Kano Pillars a filin ƙwallo na Ƙofar Mata kun fi awa guda a gosulo tsakanin Ƙofar Mata da Kantin Kwari, har Magariba ta nemi kuɓuce maka, kuma da gwamnati za ta ji taka, da an nemi ƙaton fili can hanyar Zariya ko bayan Dawanau an gina wa Pillars irin na Turai, mai cin mutum dubu hamsin, da wurin ajiye mota iya ganinka. Ka rufe da cewa ai ni ina gani a nan. To ina ganin, shi ya sa na ce wannan ta fi ƙarfin saƙon murya. Bari in zauna in rubuta, in ka je majalisa ka karanta musu, mai zagina ya zage ni a bayan idona.

Ka san aikina kai kaya ne gida-gida, don haka a shekara huɗun nan da wuya a samu lungun da ban shiga ba tsakanin Landan da Birmingham. Amma bari in fara da bakin ƙofata.

Unguwarmu a Luton sunanta Bury Park. In aka rufe maka ido aka sauke ka a titin Dunstable ranar Juma'a da rana, ba don sanyi ba sai ka rantse wani yanki ne na Fagge: mahauta masu naman halal, shagunan yadi da gwal, ƙamshin gashi, dattawan Pakistan da Bangladesh na sauri kada huɗuba ta wuce su. A tsakiyar wannan hada-hadar filin ƙungiyar garin yake, Kenilworth Road, tun 1905. Makonnina na farko ina wuce katangarsa ban san fili ba ne, na ɗauka sito ne ko tsohuwar masana'anta, sai daren da aka kunna fitilun sama unguwar ta yi haske kamar rana.

Ƙofar baƙi ita ce abin kallo. A layin Oak gidaje ne na jan bulo a jere, manne da juna kamar shagunan Kwari. Kana tafe kana wuce ƙofofi, wannan gida, wannan gida, sai ka ga an huda ƙasan wasu daga cikinsu an kafa ƙofar ƙarfe mai juyawa, a sama kuma tagogi ne da labule, mutane na zaune abinsu. Ta nan magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta suke shiga. Sau ɗaya na bi wani abokin aikina na shiga ta wurin. In ka wuce soron, don soro zan kira shi, sai ka hau matakalar ƙarfe, kana hawa kana leƙen bayan gidajen mutane ba da niyya ba: shanya a igiya, keken yara a jingine, wata baiwar Allah na kwashe kayanta kafin ruwa ya sauko. Da Luton ta hau gasar Firimiya a 2023, ta nan magoya bayan Liverpool da Manchester City da Arsenal ɗinka suka bi. Filin gaba ɗaya bai wuce cin mutum dubu goma sha biyu ba. Filinmu na Ƙofar Mata ya fi shi girma.

Ka tuna daren da Arsenal ta sha da ƙyar 4 da 3, Declan Rice ya sa kai a daƙiƙar ƙarshe, ka kira ni kana ihu daga gidan kallo? Ni ta taga na ji wasan. Tikiti a kakar nan ko da kuɗinka sai dai ka ji labari. Duk ƙwallon da Luton ta ci sai gilashin ɗakina ya kaɗa, ihun ya riga hoton da ke wayata isowa. Ta ƙarshen kuwa shiru na fara ji, irin shirun da ake yi in an ɗauke wuta ana tsaka da biki, sai wani ɗan ihu daga wajen layin Oak. Kafin ka kira na riga na sani.

Bari in ba mutanen nan haƙƙinsu tukuna, kada ka ce na zo ƙasarsu ina ci ina raina musu. Wajen hidimar ɗan kallo sun yi mana nisa, nisan da ba na kuɗi kaɗai ba ne. Tikitinka a waya yake, da lambar ƙofa, da lambar layi, da lambar kujera. In ka ga dama ka zo saura minti biyar a take wasa, kujerarka na nan ba wanda ya zauna, ba kuma wanda zai ce maka “Malam, matsa.” Ƙarfe uku a wurinsu ƙarfe uku ce. Akwai banɗaki da ruwa da sabulu, akwai masu lura da jama'a sanye da riga mai ƙyalli a kowane tsani, akwai ma'aikatan jinya a gefe, akwai wurin masu keken guragu. Kusa da inda nake zama in na samu shiga akwai wata tsohuwa da ke zuwa da jikanta, da bargo a cinya. Ta ce min kujerar nan tun mijinta na raye suke sabunta tikitinta duk shekara. Na kalle ta na tuna Hajiya, na ce a raina ko a mafarki ba zan kai ta ƙofar fili ranar babban wasa ba.

Su ma ba daga sama tsarin ya faɗo musu ba, gawa suka ƙirga. A 1989 a filin Hillsborough da ke Sheffield turmutsitsi ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, daga nan ne aka tilasta wa manyan ƙungiyoyi sa kujeru da cire shingayen ƙarfen da ke tsare mutane kamar dabbobi.

Sai dai hidimar da kuɗinta. A Firimiya an ƙayyade tikitin baƙi kada ya wuce fam 30, wannan shi ne mai rahusa. Na masu gida a manyan ƙungiyoyin Landan yakan ninka haka, wani lokaci fiye. Ka buga da canjin Wapa na yau ka gani ko kallon wasa nawa ne a Ƙofar Mata, har da kuɗin rake.

Abinci kuwa mun yi musu fintinkau, wannan ba son kai ba ne. Abin da ake sayarwa a ciki bai wuce shayi a kofin takarda, soyayyen dankali, da wani abu irin mit-fai ɗinmu amma mai romo a ciki, mafi yawa kuma naman ba namu ba ne, sai dai ka ci ka ƙoshi a titin Dunstable kafin ka shiga. Ina gurasa bandashe da ƙuli da albasa? Ina mai awara da yajinta, ina mai rake da ke feraye maka kana kallon wuƙarsa, ina zoɓo mai ƙanƙara? A wani fili a Landan na taɓa bin layi duk tsawon hutun rabin lokaci, na iso gaba na miƙa takardar fam goma, yarinyar ta ce ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya. Katin na gida, wayar kuma sanyi ya cinye cajinta. Haka na koma kujera da kuɗina a hannu da yunwata a ciki. Ruwan roba in ka saya, a wasu filayen sai sun cire murfin kafin su miƙo maka, wai don kada ka yi jifa da shi. Na ce ashe halin ɗaya ne, su dai sun riga sun yi maganinsa. Giya ana sayarwa a ƙarƙashin rumfa, amma tun 1985 doka ta hana a sha ta a inda ake hango fili.

Wani abin da zai ba ka dariya: wasannin Asabar na ƙarfe uku da kuke kallo a gidan kallo a Yakasai, mu da muke Ingila ba a nuna mana su kai tsaye a talabijin. Daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata an toshe. Dalilinsu shi ne, in kowa ya zauna a ɗaki yana kallon Manchester United, wa zai je filin ƙaramar ƙungiyar garinsu? Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Salla ma da bambanci. Ku ana take wasa ƙarfe huɗu, an yi La'asar, a tashi kafin Magariba. Nan a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, wato Magariba na shigowa daidai hutun rabin lokaci. Babban masallacin Luton tafiyar 'yan mintoci ce daga fili, amma in ka fita ba dawowa. Wasu filayen sun keɓe ɗakin salla, a wasu kuwa sai dai ka nemi lungu ka shimfiɗa rigar sanyinka.

To yanzu ga maganarka ta ƙaton fili a bayan gari. Na gan shi da idona, kusan duk mako nake wuce shi.

Arewa da mu kaɗan akwai wani gari, Milton Keynes, sabon gari ne da aka zana a takarda a 1967, tituna miƙaƙƙu, shataletale bayan shataletale. Gari ne mai kuɗi amma ba shi da babbar ƙungiyar ƙwallo. A farkon shekarun 1980 masu Luton sun so su kwashe ƙungiyarsu su kai can, magoya baya suka yi musu ca, aka fasa. Wadda ta faɗa ita ce Wimbledon ta kudancin Landan, wadda ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988. A 2002 aka amince wa masu ita su ƙaura, a 2003 suka tattara, tafiyar kusan kilomita 90, a 2004 aka canja mata suna zuwa MK Dons. A 2007 suka shiga sabon fili, wanda daga baya aka ƙara kujerunsa suka kai 30,500. Yaya, filin nan ko kai ka gan shi sai ka yi salati. Kujeru masu laushi, otal a jikinsa, manyan kantuna kewaye da shi, wurin ajiye mota irin wanda kake mafarki. Na shiga kallo wata Asabar da na gama kai kaya da wuri. Ana jin muryar koci yana yi wa ɗan bayansa faɗa. Ana jin ƙarar ƙwallo in an buga ta. Saman filin duk a rufe, ba kowa. Yawancin wasanninsu ko kashi ɗaya cikin uku ba ya cika.

Mutanen Wimbledon ɗin fa? Ba su bi ba. A 2002 ɗin suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka kira gwaji a filin unguwa duk mai ƙafa ya zo, suka fara daga rukuni na tara, can ƙasa inda 'yan wasa ke zuwa daga wurin aiki. A 2011 suka hau gasar ƙwararru. A 2020 suka koma Plough Lane, 'yan taku daga inda tsohon filinsu yake, da taimakon kuɗin da magoya baya suka tara. Kujerunsa dubu tara ne da 'yan kai, amma ranar wasa sai ka yi da gaske ka samu gurbi. Masu kuɗin sun tafi da takardun rajista da 'yan wasa da motar ƙungiya, abin da suka bari a baya shi ne mutanen, kuma daga baya ta bayyana cewa mutanen su ne ƙungiyar.

Coventry ta fi kama da abin da muka ɗanɗana. Sun bar Highfield Road da ke cikin unguwa a 2005 suka koma sabon fili a gefen gari wanda a lokacin ba nasu ba ne. Rigimar haya ta tashi, a kakar 2013 zuwa 2014 suka koma buga wasan gida a Northampton, tafiyar fiye da kilomita 50. Ƙungiyar da ta saba da dubban mutane ta koma da ƙyar take haɗa dubu biyu da ɗoriya. Wasu ma sukan yi tafiyar har can, amma su ƙi shiga, su tsaya a kan wani tudu da ke hango rabin fili, don kada kuɗinsu ya shiga aljihun waɗanda suka raba su da gida. Ranar da aka dawo Coventry a Satumbar 2014, mutum sama da 27,000 suka fito, a wasan rukuni na uku. Ba sabon ɗan wasa aka sayo ba. Gida kawai aka dawo.

Za ka ce ai waɗannan gari aka canja, kai kuwa hanyar Zariya ka ce, ba Zariya ba. To ga West Ham, wadda ko kilomita biyar cikakku da ƙyar ta matsa.

Akwai wani dattijo Bature da muke lodi tare a sito, haifaffen gabashin Landan, ya haura sittin. Shi ya kai ni. West Ham ta zauna a Upton Park daga 1904 zuwa 2016, fili mai cin kusan dubu 35, a kan titin Green, tsakanin kasuwa da gidaje da shagunan abinci. Wasansu na ƙarshe a can suka doke Manchester United 3 da 2. Daga nan suka koma filin da aka gina don gasar Olamfik ta 2012 a Stratford, mai cin sama da dubu 60. A lissafin 'yan kasuwa an ci riba: mutane sun kusa ninkawa, jiragen ƙasa ta ko'ina, daga St Pancras minti bakwai ne a jirgi mai sauri. Mun sauka, mun ratsa ta gefen wani katafaren kanti, mun bi wata shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin lambu, iska na kaɗa mu, ba gida ko ɗaya, ba mai tallan komai sai wanda aka ba lasisi. Da muka zauna, 'yan wasa can ƙasa kamar tururuwa, saboda filin na tsere ne asali, zagayayye, kujerun na nesa da layi. Mu ma muna da layin 'yan gudu a Ƙofar Mata, ban taɓa ganin aibinsa ba sai da na zauna a Luton inda in ɗan wasa zai yi jifa kana jin numfashinsa.

Bayan wasa ya ce sai mun je ya nuna min tsohon wurin. Benaye ne yanzu na gidajen kwana. Ya tsaya a bakin wata ƙofa ya ce nan ne wajen da raga take. Ya nuna min inda shagon da babansa ke saya masa abinci yake kafin wasa, an rufe, don cinikin ranar wasa ne ke riƙe da shi. Ya nuna min mutum-mutumin su Bobby Moore ɗauke da kofin duniya na 1966, yana nan a mahaɗar titi, filin da aka kafa shi dominsa ya tafi ya bar shi. Ya ce min da can ranar wasa tun safe take farawa: ka biya wa wane, ku tsaya wurin wane, ku ci, ku yi musu, ku taka tare. Yanzu ka fito daga jirgi, ka kalla, ka koma jirgi. Har yanzu yana sabunta tikitinsa, amma ya ce ji yake kamar ɗan haya. A Maris na 2018, a wasa da Burnley, fushin ya fito fili, wasu suka kutsa cikin fili, ɗaruruwa suka taru gaban rumfar shugabanni suna ihu. Da na ce masa matasan Ingila sun taɓa buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a garinmu a 1999, kuma an doke su a gabanmu, ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa jin sunan garin ba amma sakamakon bai ba shi mamaki ba.

Arsenal ɗinka da kake kafa hujja da ita, da ta bar Highbury a 2006 ina ta je? Emirates tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, unguwa ɗaya, tashar jirgi ɗaya. Tottenham ta rushe nata ta sake ginawa a wurin, ta buɗe a 2019. Wadda na san ta fita bayan gari ta kuma ci nasara ita ce Brighton a 2011, amma ita sai da ta yi shekara 14 ba filin kanta, ga tashar jirgi a bakin ƙofa, kuma aka haɗa kuɗin bas da jirgin yankin a cikin tikitin wasa. Ka faɗa min wane jirgi ne zai kwashi mutum dubu talatin daga bayan Dawanau bayan Magariba.

Don ka duba waɗanda ke cika Ƙofar Mata. Ba masu motar da kake nema wa wurin fakin ba ne. Yaron shago ne a Kwari ko Wambai da ya lallaɓa maigidansa ranar Laraba ya ce zai je ya dawo. Tela ne daga Fagge da ya kife keke. Masu rini ne daga karofi, hannu shuɗi har gwiwa. Samarin Yakasai da Zango da Ƙofar Wambai ne da ke takowa a ƙafa, kamar yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake riƙo hannunmu ya ratsa da mu ta filin Idi, kai a dama ni a hagu, ya saya mana gyaɗa tun kafin mu roƙa. Mutumin da ya ji ganga daga shagonsa ya ce bari in leƙa, shi ne rabin filin. Ka kai shi inda sai ya hau Adaidaita Sahu biyu zuwa, biyu dawowa, da tsadar man da ake ciki tun da aka cire tallafi a 2023, kuɗin motar ya fi na tikiti, kuma ya dawo cikin duhu. Zai je wasan farko don ganin gini. Zai je in Enyimba ta zo. Ranar da za a kara da ƙungiyar da ke ƙasan teburi, gidan kallo na nan a bakin layinsu, ga Real Madrid, ga fanka. Turawa da dokarsu ta ƙarfe uku sun toshe wannan ƙofar, mu kuwa a buɗe take har abada.

Shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba wanda ya zo ya ci Pillars a gida a gasar lig, sai da Nasarawa United ta karya. Kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014 duk a cikin wannan tsakanin suka zo. “Sai Masu Gida” ba kirarin banza ba ne, amma sai da gidan. Mun ga yadda abin yake bayan an mayar da filin wurin killace masu korona a 2020, aka koma buga wasan gida a Kaduna. Kai da kanka sau nawa ka je? Ka kuma dubi filin ƙasa na Abuja, kujera dubu 60, an buɗe shi tun 2003, ga tituna ga fakin. Wace ƙungiya ce ta mai da shi gida har ta cika shi?

Amma kada in yi maka rabin gaskiya. Kusanci shi kaɗai ba ya haifar da magoyin baya. Maƙwabcina ɗan asalin Kashmir ne, ya fi shekara talatin katangarsa na kallon ta fili, bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya. Kurket yake so, 'ya'yansa kuma Liverpool. A wurinsa ranar wasa ita ce ranar da ake rufe titi, ya rasa inda zai ajiye mota. Dattawan unguwar ba su manta 1985 ba, daren da magoya bayan Millwall suka yi ta'adi a fili suka fito suka farfasa tagogi da motoci, har Luton ta hana baƙi shiga filinta kaka huɗu. Wanda aka fasa wa taga ba ya kai ɗansa kallo. Shi ya sa za ka ga fili a tsakiyar unguwar Musulmi, amma mafi yawan masu shiga daga wasu unguwanni suke zuwa. Yanzu ne ƙungiyar ke bin makarantu tana jan yara, ana ɗan ganin canji.

Mu ma ciwonmu ke nan, ba gosulo ba. Yaro a Yakasai yana jin ihun Ƙofar Mata daga ɗakin uwarsa, amma rigar Barcelona ce a jikinsa, domin uban ba zai kai shi inda ake jifa da turereniya a ƙofa ba. A 2022 bayan hargitsin wasa da Katsina United aka kore mu zuwa Abuja, a ƙarshen kakar muka faɗa ƙaramin rukuni, sai 2023 muka dawo. Ba wanda ya ɗauke mana fili a lokacin, da hannunmu muka miƙa shi. In an gina na dubu hamsin a bayan gari, masu jifan za su samu kuɗin mota, mai ɗa a hannu ne zai zauna a gida.

Kuɗin da za a zuba a daji, da ni ake tambaya, a Ƙofar Mata zan zuba rubu'insa. A ƙara ƙofofi. A sayar da tikiti tun kwana uku kafin wasa, ga masu POS a kowace kwana a Kano, ba sai an yi kokawa a taga ɗaya ba. A yi banɗaki da wurin alwala na mutunci. A keɓe ɓangare na masu iyali, a sa masu tsaron da za su iya cewa a'a. Gosulon da ya dame ka kuwa, nan maganinsa ba faɗin titi ba ne. Kafin a tashi 'yan sanda sun tare layukan da ke kewaye, mota ba ta shiga ba ta fita, mutane su fara wucewa a ƙafa, cikin rabin awa unguwa ta koma kamar ba a yi ba. Mai mota ya san da haka, can nesa yake ajiyewa ya tako. Kai ma da ka bar motar a gida, daga ƙofar fili zuwa ƙofar gidanmu ko minti ashirin ba za ka yi ba. Girman kai ne ya sa ka a gosulo, Yaya, ka yi haƙuri.

Ita Luton ɗin ma za ta tashi daga Kenilworth Road, filin ya tsufa, ba wurin faɗaɗa shi sai an rushe ɗakunan mutane. A shekarun 1990 an so kai shi bakin babbar hanyar M1, bai yiwu ba. Wanda aka amince da shi yanzu mai kujera dubu 25 ne, a wani wuri da ake kira Power Court, a tsakiyar gari, jikin tashar jirgi. Wato ciki suka ƙara shigewa. Kuma ka san ƙungiyar ta faɗo daga Firimiya a 2024, ta sake faɗowa a 2025 zuwa rukuni na uku, amma ranar wasa gilashina bai daina kaɗawa ba. Maƙwabcina murna yake, wai zai samu wurin fakin. Mai shagon gasasshen kaza na bakin layinmu kuwa, da na tambaye shi, kafaɗa kawai ya ɗaga ya ci gaba da juya kajinsa.

Ɗanka na nan ya fara damuna da sai an saya masa rigar Luton mai ruwan lemo, don ita 'yan ajinsu ke sawa. Na ce to, amma sai ya fara da ta gida. In ka je wasan Lahadi ka sayo masa ta Pillars, mai ruwan ɗorawa da kore, ta ɗan shekara bakwai amma a ƙara girma kaɗan don a kan rigar sanyi zai ɗora ta. A rubuta masa Pele a baya, shi Rabi'u Ali yake nufi, ni na nuna masa a waya. Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa. A haɗo da yaji da kuka, amma ka ce wa Hajiya kada ta cusa kilishi kamar wancan karon, a filin jirgi za su ƙwace.